Dinyar Brent: tsuntsuwar da rayuwarta ke rataye a wuyan ciyawar teku da ɓeran Siberiya

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Turai, akwai mutanen da ke fita bakin teku da madubin hangen nesa, daga gaɓar Essex a Ingila har zuwa mashigin Arcachon a Faransa, domin ƙirga wata baƙar dinya da ake kira Brent. Bayan jimilla, akwai wani abin da suke nema. Suna bin bayan tsuntsayen da kallo ɗaya bayan ɗaya, saboda wadda aka ƙyanƙyashe a shekarar tana da fararen layuka a kan fiffike, manya kuwa ba su da su. Da haka ake sanin kashi nawa na garken ne 'ya'yan bana. Abin da wannan lissafi ya riƙa nunawa ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Wata shekarar a tarar kusan rabin garken yara ne, shekara mai bi mata kuma a tsefe tsuntsu dubu da kyar a ga yaro goma. Tsuntsayen dai su ne, gaɓar ma ita ce, to me ya faru a tsakani?

Amsar a warwatse take. Wani ɓangarenta yana cikin taɓon gaɓar tekun Turai, wani yana fadamun gishiri na Holan da Jamus a watan Mayu, wani kuma yana can ƙuryar Siberiya, ƙarƙashin dusar ƙanƙara, inda wani ɗan ɓera yake hayayyafa. Duk wanda ya ga yadda waɗannan wurare suka sarƙe da juna zai gane dalilin da ya sa kare wannan tsuntsuwa ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya, zai kuma gane cewa yawan da ake gani a yau bai isa a saki jiki ba.

Brent ƙarama ce a cikin dinyoyi. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, da kaɗan ta ɗara agwagwar ruwa. Kai da wuya da ƙirji baƙaƙe ne, da ɗan farin tabo a gefen wuya, ƙarƙashin wutsiya kuma fari fat. Masana na kiranta Branta bernicla, sun kasa ta gida uku. Akwai mai duhun ciki, wadda ke yin ƙwai a zirin Taimir na arewacin Rasha ta ci hunturu a yammacin Turai. Akwai mai hasken ciki, 'yar tsibiran arewacin Kanada da Girinlan da Svalbard, mai saukowa Ailan da Danmak da gabashin Amurka. Sai baƙar ta tekun Fasifik, wadda ke tsakanin Alaska da Meziko. Mai duhun ciki ita aka fi bibiya, kuma tarihinta ya fi kowanne ɗauke da darasi, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Yawancin dinyoyi 'yan fadama ne da gona. Wannan kuwa 'yar teku ce ta asali. A saman idanunta akwai wasu 'yan ƙullutai da ke tace gishiri daga jini su fitar da shi ta hanci, shi ya sa take iya shan ruwan teku ta ci tsiron da ya jiƙu da gishiri ba tare da ya cuce ta ba. Abincin da ta fi so wata ciyawa ce mai dogayen ganye kamar zare, sunanta Zostera, da ke tsirowa a cikin ruwan teku marar zurfi. Ciyawa ce sosai, mai saiwa da fure da iri, sai dai a ƙarƙashin ruwa take yin komai nata. Brent ba ta nutso. Iyakarta ta taka a kan taɓo ta tsinka, ko ta kifa kai cikin ruwa gwargwadon tsawon wuyanta. Saboda haka agogonta shi ne cika da janyewar teku, sau biyu a yini. Idan ruwa ya janye ciyawa ta bayyana, sai kiwo, ko da tsakar dare ne in akwai farin wata. Idan ruwa ya dawo, sai ta koma can tsakiya ta yi ta shawagi tana jira.

Akwai dalilin da ya sa ta manne wa wannan ciyawa. Dinya ba ta da tumbi irin na saniya da zai tsaya ya narkar da ciyawa mai tauri. Abin da ta ci yana ratsa cikinta ya fita cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, kaɗan kawai jiki ke tatsa. Tsuntsu mai irin wannan ciki, ga shi kuma ƙarami, dole ya nemi ganye mafi laushi, ya kuma yi ta ci ba hutu. Nan ne wani abu da mutane ke rainawa yake zama babba. Duk lokacin da kare ya ruga cikin garke, ko jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, ko masu wasan ruwa suka matso, garken ya tashi sama, asara biyu aka yi: ƙarfin da aka ƙona wajen tashi, da lokacin kiwon da ya wuce, wanda teku ba ya dakatawa don a rama shi.

A 1931 wata annoba ta faɗa wa ciyawar a gabashin Amurka, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ta tsallako Turai. Baƙaƙen tabo su bayyana a ganye, ganye ya ruɓe ya tsinke, igiyar ruwa ta kwashe. Daga baya aka gano wata ƙwayar halitta mai suna Labyrinthula ce sanadi. An ƙiyasta kusan kashi 90 cikin ɗari na ciyawar tekun arewacin Atlantika ta halaka. Wani ɗan dodon koɗi da ba ya rayuwa sai a kan ganyenta a gaɓar Amurka da Kanada ya ɓace daga duniya baki ɗaya. A Holan abin ya zo da ƙarin tsautsayi, domin a 1932 ne aka kammala katafariyar madatsar Afsluitdijk da ta toshe mashigin Zuiderzee, ta sauya yadda ruwa ke gudu, ta dagula shi. Kafin nan mutanen tsibirin Wieringen sana'arsu ce yankan wannan ciyawa, a busar a cusa katifa da ita, kakanninsu ma da ita suke gina ganuwar tare teku. Sana'ar ta mutu tare da ciyawar.

Dinyoyin da yunwa ta kora sun matso bakin tudu neman abin sawa a baki, wato sun shigo inda harsashi ke kaiwa. Har yau masana na jayayya kan wanne ya fi yin ɓarna tsakanin yunwar da bindigar, amma sakamakon ba ya da gardama. A tsakiyar shekarun 1950 masanin tsuntsaye ɗan Danmak, Finn Salomonsen, ya ƙiyasta cewa mai duhun ciki da ta rage a duniya ba ta wuce 16,500 ba.

Daga nan ƙasashe suka fara hana harbinta ɗaya bayan ɗaya: Holan a 1950, Birtaniya a 1954, Faransa a 1966. Yawan ya ɗan taso, amma a hankali. Sai da Danmak ta hana a 1972 sannan aka ga tashin gaske, domin ta gaɓarta garkunan ke ratsawa lokacin kaka, kuma a nan ake yi musu kisa mai yawa. Cikin shekara ashirin suka haura 300,000. Ban san wani misali da ya fi wannan fito da gaskiyar cewa doka a ƙasa uku ba ta da ƙarfi muddin ta huɗu da ke kan hanya ta bar ƙofarta a buɗe ba.

Me ya sa bindiga ta yi mata illa haka? Saboda tsarin rayuwarta na mai tsawon kwana ne. Namiji da mace suna zama tare har mutuwa ta raba, ba sa fara ƙwai sai sun kai shekara biyu ko uku, kuma zoben da ake sa musu a ƙafa ya nuna wasu suna wuce shekara 20. Tsuntsun da haihuwarsa ke yin kyau shekara ɗaya ta lalace biyu, jarinsa shi ne manya su daɗe a raye har su riski shekaru masu albarka. Wanda ya harbe uwa ɗaya ya tafi da ƙwan shekaru goma masu zuwa, ya kuma bar namijin da sai ya sake neman abokiyar zama.

A daidai wannan lokaci ta tsallake wani siraɗin a Ingila. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Birtaniya ta yanke shawarar gina filin jirgin sama na uku na Landan a Maplin Sands, bakin kogin Thames, daidai kan shimfiɗar ciyawar tekun da dinyoyin ke fara sauka a kanta idan sun iso. An soke aikin a 1974, kuma tsadar kuɗi da rikicin man fetur na lokacin ne suka kashe shi, tausayin tsuntsu bai taka rawa mai yawa ba. Amfanin da aka samu shi ne, fargabar aikin ta sa aka fara kama dinyoyin ana sa musu zobba masu launi da haruffan da ake iya karantawa daga nesa. Waɗannan zobba su suka buɗe sirrin abin da ya biyo baya.

Daga watan Maris garkunan Faransa da Ingila suna fara gangarawa gabas, su taru a tekun Wadden, wata doguwar shimfiɗar taɓo da tsibirai da ta taso daga Holan ta bi Jamus ta kai Danmak. A Afrilu da Mayu kusan duk mai duhun ciki ta duniya tana nan. Aikinta ɗaya ne, ci. Sabon tohon ciyawar fadamun gishiri yana cike da abin gina jiki, kuma cikin 'yan makonni tsuntsuwa kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta. Wani masani ɗan Holan, Bart Ebbinge, da abokin aikinsa Bernard Spaans sun riƙa kama mata a watan Mayu suna aunawa, su sake su, sannan su jira kaka su ga wadda ta dawo da 'ya'ya. Abin da suka wallafa a 1995 ya nuna cewa matan da suka tashi da nauyi su ne suka fi dawowa da yara a bayansu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a nan maganar ta zauna daram. Tafiyar kusan kilomita 5,000 ce, ana yada zango a gaɓar Farin Teku na Rasha, kuma idan aka isa Taimir a tsakiyar Yuni yawanci ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Da sauran kitsen Wadden mace za ta haɗa ƙwai, da shi za ta kwanta a kansu.

Wannan ya sa kowace fadamar gishiri a Wadden take da muhimmancin da ya wuce girmanta. Kuma kula da ita ba ya nufin a kewaye ta da waya a tafi. Inda aka janye tumaki da shanu gaba ɗaya da sunan barin daji ya huta, doguwar ciyawa mai tauri ta mamaye, dinyoyin suka ƙaurace. A tsibirin Schiermonnikoog bincike ya nuna cewa zomaye ma suna yi mata aiki, domin a hunturu suna cinye wani ɗan kurmin da in an bar shi zai rufe ciyawar da take so. Ga kuma kishiya: wata dinyar mai farar fuska, wadda ita ma kariya ta amfane ta har ta haura miliyan, yanzu tana daɗewa a Wadden har cikin Mayu, tana rigan Brent aske tohon.

A Taimir lokaci ne ke mulki. Tsakanin narkewar ƙanƙara da dawowarta bai fi wata uku ba. Mace na yin ƙwai uku zuwa biyar a ƙasa, cikin sheƙar da ta shimfiɗe da lallausan gashin ƙirjinta, ta kwanta kwana 24 zuwa 26, namiji na gadi. Yara na buƙatar kimanin kwana 40 kafin su tashi, rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci, don haka kiwo ba dare ba rana. Iyaye kuma a tsakanin nan suke zubar da gashin fiffike, su yi makonni ba sa iya tashi. Idan ƙanƙara ta yi jinkirin narkewa da mako biyu, shekarar ta tafi, domin babu sararin sake wani ƙwan.

Babban abokin gabarta shi ne farar yanyawar Aktik. Manyan dinyoyi na iya tsayawa su kore ta daga sheƙa, Brent kuwa ba ta da wannan ƙarfin. Nan ne ɓeran da ake kira lemin ya shigo labarin. Wannan ɗan dabba yana hayayyafa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma yawansa a Taimir yana hawa da sauka kusan duk shekara uku. Shekarar da ya cika ƙasa, yanyawa ta ƙoshi da shi, ba ta damu da wahalar neman ƙwai ba. A irin wannan shekara ce kuma farar mujiya take yin sheƙa, ita kuwa ba ta barin yanyawa ta matso kusa da 'ya'yanta, sai dinyoyin su kewaye ta da nasu sheƙunan su fake a inuwarta. Wani lokacin mujiyar kan ɗauki ɗaya daga cikinsu, amma duk da haka zama kusa da ita ya fi zama a fili. Shekara mai zuwa ɓera ya ƙare, yanyawar da ta hayayyafa bara ta cika daji da yunwa, mujiya ba ta yi sheƙa ba. Duk ƙwan da ke ƙasa ya zama abinci. Dinyoyi da yawa ba sa ma gwadawa. Waɗanda ke tsira su ne masu sheƙa a ƙananan tsibirai, cikin cunkoson manyan tsuntsayen teku masu faɗa, su ma in ƙanƙara ta narke da wuri ta yanke wa yanyawa hanyar tsallakawa.

Wani ɗan Holan, Roselaar, shi ya fara hango wannan alaƙa a 1979 a kan tsuntsayen bakin ruwa, Ron Summers kuma ya nuna ta a kan Brent a 1986, ta hanyar jera lissafin yaran da ake gani a Turai kusa da na ɓeran Taimir. A lokacin Tarayyar Sobiyat ba ta barin baƙi shiga yankin. Sai daga 1990 masanan Holan da Rasha suka fara zuwa tare bakin kogin Pyasina na Taimir, suka ga abin da idonsu. A 1993 Rasha ta ayyana babban yanki na gaɓar a matsayin gandun da aka keɓe.

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne abin da ya biyo bayan nasarar. Daga tsakiyar shekarun 1990 yawan ya daina hawa, ya sauko tsakanin 200,000 da 250,000, alhali ba a koma harbi ba. Wani nazari da Bart Nolet da abokansa suka fitar a 2013 ya danganta haka da rikicewar zagayen ɓeran: shekarun da yake cika ƙasa sun yi ƙaranci, shekarun albarkar dinya suka ragu tare da su. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ɗumamar yanayi. Lemin na buƙatar busasshiyar dusa mai taushi da sarari a ƙarƙashinta. Idan hunturu ya sassauta aka yi ruwa a kan dusa sannan sanyi ya dawo, sai ƙasa ta rufe da ɓawon ƙanƙara, abinci ya gagara. Bindiga ana iya hana ta da sa hannun minista ɗaya. Wannan kuwa babu mai gadin gandun da zai iya tare shi.

A ɓangaren Turai, idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Ciyawar teku ba ta dawo yadda take ba, dinyoyi kuwa sun ninku fiye da sau goma. Daga shekarun 1970 suka fara tsallake ganuwar teku suna sauka a gonakin alkama da filayen kiwon da aka zuba wa taki. A Portsmouth ta Ingila da Dublin ta Ailan har filayen ƙwallo da wuraren shaƙatawa suke kiwo. Manomi ya wayi gari ya tarar da tsuntsu dubu biyu a kan tohon alkamarsa, suna tsinka suna tattake ƙasa mai laima. An gwada tutoci da mutum-mutumi da bindigar gas mai ƙara, duk suna sabawa da su. Kora kuma ba ta rage cin da za su yi, sai ma ta ƙara, ta kuma tura su gonar maƙwabci.

A ganina manomin nan yana da gaskiya, kuma duk mai son tsuntsu da ya raina kukansa yana cutar tsuntsun ne. Al'umma ce ta yanke cewa tana son dinya ta rayu, bai kamata mutum ɗaya da gonarsa ta faɗo bakin teku ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Inda abin ya yi kyau, hanya biyu aka haɗa: a ware filaye a gyara ciyawarsu a bar dinyoyin su ci cikin kwanciyar hankali, sannan a biya manoman da suka karɓi baƙuncinsu. A ƙananan tsibiran Halligen na arewacin Jamus, inda a da ake ganinta a matsayin mai cinye abincin tumaki, an shigar da diyya cikin tallafin da ake ba mazauna, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin bikin kwanakin dinyar Brent duk bazara, baƙi na zuwa kallo suna barin kuɗi a garin. Ba a daina gunaguni ba, amma an daina ganin tsuntsuwar a matsayin asara zalla.

'Yan uwanta biyu suna nuna irin wannan rauni ta wata fuskar. Mai hasken ciki da ke cin hunturu a Ailan, wadda yawanta ya kai kimanin dubu arba'in, yawancinta a wuri ɗaya take sauka a Oktoba, mashigin Strangford Lough, saboda ciyawar tekunsa. Idan za ta koma Kanada sai ta yada zango a yammacin Aisilan ta yi ƙiba, sannan ta haura tudun ƙanƙarar Girinlan mai tsayin sama da mita 2,000, ɗauke da kitsen da ke sa hawan ya yi mata nauyi har takan sauka kan ƙanƙarar ta huta. A 2002 ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaura wa na'urar bibiya ta tauraron ɗan'adam ta daina motsi a tsibirin Cornwallis na arewacin Kanada. Da aka bi sawu, sai aka same ta a firjin wani mafarauci ɗan ƙabilar Inuit. Bai karya doka ba, abincin gidansa ne tun kaka da kakanni, kuma duk tsarin kariyar da bai sa irinsa a lissafi ba bai cika ba.

Ta Fasifik kuma kusan dukkanta tana taruwa lokacin kaka a tafkin Izembek na Alaska, ɗaya daga cikin manyan shimfiɗun ciyawar teku na duniya, wurin da Amurka ta fara sa wa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da tafkuna a 1986. Suna ci suna jiran iskar da za ta tura su kudu, ranar da ta zo su tashi su ratsa teku kimanin kilomita 5,000 zuwa Baja California a Meziko cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i, ba sauka. Kafin 1977 waɗanda ke ƙin tafiya su ci hunturu a Alaska ba su kai 3,000 ba. Bayan shekara talatin sun kai kusan 40,000, saboda tafkin ya rage daskarewa. Riba ce muddin hunturu ya yi sauƙi, amma sanyi mai tsanani guda ɗaya da zai rufe ciyawar da ƙanƙara zai same su ba wurin gudu. A kan wannan gandun ne kuma ake ta shari'a shekara da shekaru game da hanyar mota. Mutanen King Cove, ƙaramin gari na 'yan asalin yankin, suna son hanyar da za ta kai marasa lafiyarsu filin jirgin Cold Bay idan iska ta hana ƙananan jirage tashi, hanyar kuwa sai ta ratsa siririn tudun da ke gefen tafkin. Gwamnati ta ƙi a 2013, wata ta amince daga baya, kotu ta shiga, wata gwamnatin ta janye a 2023. Ba na jin akwai mai adalcin da zai ce wa ɗaya daga cikin ɓangarorin maganarsa banza ce. Abin da na tsaya a kai shi ne, Izembek ba shi da na biyu, don haka duk hanyar ceton rai da ba ta taɓa shi ba, ko ta fi tsada, ita ya kamata a fara ƙure wa ƙoƙari.

Brent ba ta zuwa ƙasashenmu, amma igiyar ta taɓo mu. Wasu daga cikin tsuntsayen bakin ruwa da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi lokacin sanyi, a can arewacin Rasha suke yin ƙwai, kuma yanyawar nan ce ke cinye nasu idan ɓera ya yi ƙaranci. Yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a birnin Hague a 1995, ta haɗa Brent da su a takarda ɗaya, kuma Najeriya da Nijar suna cikinta.

Saura batun ciyawar kanta, wadda daga ita matsalar ta faro. Ana iya dawo da ita, an kuma gwada. A gaɓar jihar Virginia ta Amurka, inda ta ɓace tun shekarun 1930, masana ƙarƙashin jagorancin Robert Orth da masu aikin sa kai sun shafe kusan shekara ashirin suna tsinko iri da hannu suna watsawa daga kwalekwale, sama da ƙwaya miliyan 70, har ta rufe fiye da hekta 3,600. Can ruwan a tsabtace yake, iri ne kawai babu. A yawancin gaɓar Turai matsalar ta fi haka wuya. Takin gona da ƙazantar gari da koguna ke kwararowa suna haifar da gansakukar da ke danne ciyawar, anga da injin kwalekwale da masu haƙar ƙoto suna tumɓuke saiwarta. A yammacin Wadden na Holan kuma an shiga wani zagaye mai wuyar fita: ciyawar ce ke kwantar da laka ruwa ya yi haske, ba ta kuma tsirowa sai ruwa na da haske. An sami ci gaba a 'yan shekarun nan wajen shuka irin da ke tsirowa a taɓon da ruwa ke janyewa daga kansa, kusa da tsibirin Griend. Amma manyan shimfiɗun ƙarƙashin ruwa da mutanen Wieringen ke yanka kafin 1932, sama da shekara 90 ke nan ba su dawo ba.